Raɗa Wa Gidan Jama'a Suna

Duk wanda ya koyi karatu da girmansa ya san cewa littafin farko da ya karanta shi kaɗai, ba malami a kusa, shi ne bangon gari. Da can yakan wuce alluna kamar yadda yake wuce itatuwan bakin hanya, ba ruwansa da su. Amma daga ranar da baƙaƙe suka buɗe masa, ko'ina ya waiga sai ya ga rubutu yana yi masa magana. Wannan asibitin wane ne, waccan makarantar wane ce, wannan kuma titin wane. To, bayan murnar iya karatu akwai tambayar da ya kamata ta biyo baya, watau wa ya rubuta sunan nan a wurin nan, da izinin wa, kuma don me? Ita nake so mu duba tare. Gidajen da ake liƙa wa sunayen nan da dukiyar jama'a aka gina su, kuma 'ya'yanmu ne za su tashi suna karanta su, suna ɗaukar cewa duk wanda aka rubuta a bango mutumin kirki ne, abin koyi.

Bari mu ɗauki gidan waya ya zama mana misali, don kuwa cikin gidajen Gwamnati babu wanda ya fi shi zama na kowa da kowa. Kotu sai mai ƙara, asibiti sai majinyaci, kurkuku sai mai laifi. Gidan waya kuwa, da sarki da talaka, da Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya, kowa kan sarki iri ɗaya yake saye, kuɗi ɗaya yake biya. An buɗe na farko a ƙasar nan cikin shekarar 1852 a Ikko, wadda yanzu aka fi sani da Legas. Sunan da muke kiransa da shi kuwa daga wayar tangaraho ya samo asali, wadda Turawa suka ja daga gari zuwa gari. Hukumar da ke kula da shi a yau, watau NIPOST, an kafa ta a 1985, sa'ad da aka raba aikin wasiƙu da aikin tarho.

Mu mutanen ƙasar Zuru mun san darajar gidan nan ƙwarai, domin ƙasarmu ƙasar soja ce. Tun zamanin Turawa samarin Dakarkari da maƙwabtansu suke shiga aikin soja, suna nisa da gida shekara da shekaru. Wasiƙar da za ta gaya wa uwa ɗanta yana nan da rai, da ɗan kuɗin da soja zai aiko a biya haraji ko a ƙarasa hidimar aure, duk ta gidan waya suke biyowa. Yau tarhon hannu ya karɓe yawancin wannan aiki, amma tsofaffi ba su manta ba.

A nan ƙasarmu gidan waya sunan garinsa yake amsawa. Akan ce gidan wayar Zuru, ko na Yelwa, ko na Kwantagora, shi ke nan. A Amurka kuwa akwai wata al'ada dabam, wadda ta isa a ba da labarinta. Tun daga 1967 'yan majalisar ƙasar suka tsiri sa wa gidajen waya sunayen mutane ta hanyar doka. Wakili zai kawo shirin doka, wanda sau da yawa bai wuce 'yan layuka ba, ya ce gidan wayar da ke titi kaza a gari kaza daga yau za a san shi da sunan wane. Bisa al'adarsu sai sauran wakilan jiharsa sun goyi baya, da na jam'iyyarsa da na abokan hamayya, kafin a dube shi. Sa'an nan Majalisar Wakilai ta yarda, ta Dattawa ta yarda, Shugaban Ƙasa ya sa hannu, ya zama doka sosai, daidai da dokar haraji. Abin ya yi yawa har tsakanin 2003 da 2010 wajen kashi 1 cikin 5 na dukan dokokin da majalisar ta zartar na raɗa wa gidajen waya suna ne. Bayan wannan ɗawainiya duka, abin da ke biyo baya ɗan allo ne da ake kafawa a ginin. Masu aika wasiƙa kuwa sunan gari suke ci gaba da rubutawa a bayan ambulan.

Waɗansu mutanen Amurka suna yi wa abin dariya, suna cewa majalisar da ta gaza warware manyan matsaloli ita ce ke fakewa da alluna. Waɗansu kuwa suna cewa a'a, a duba waɗanda ake girmamawa. Da yawansu ba manya ba ne, saurayi ne da ya mutu a yaƙin Iraƙi ko na Afganistan, ko mai rarraba wasiƙu da ya tsufa a kan aikinsa, ko malamar makaranta. In ba ta wannan hanya ba, ina ƙasa za ta tuna da irinsu? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya rage mana shi ne mu gane abin da doka ke iya yi game da girma, da abin da ya fi ƙarfinta.

Kafin nan ya kyautu mu san yadda ikon yake a Nijeriya. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi aikin sa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Sha'anin gidan waya kuwa ya ajiye shi a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Watau titin da ya wuce ta ƙofar gidan wayar Zuru, ƙaramar hukuma ke da ikon sunansa, amma ginin kansa sai daga Abuja. Haka kuma jami'ar da aka kafa da dokar majalisa, sunanta yana cikin dokar, ba ya sakewa bisa ƙa'ida sai an gyara ta. Gyaran kuwa sai ya bi ta Majalisar Wakilai mai mutum 360 da ta Dattawa mai mutum 109, a karanta shi sau 3 a kowace, kana Shugaban Ƙasa ya sa hannu.

To, ga abin da nake gani. Ni akawu ne, rabin rayuwata rubuta sunaye a rajista nake yi, kuma aikin nan ya koya mini abu ɗaya. Akawun da ya rubuta haihuwa a littafi ba shi ya haifi yaron ba. Shaida kawai ya yi cewa an haihu. In ya rubuta sunan yaron da ba a haifa ba, tawadarsa ba za ta sa jariri ya yi kuka a gidan kowa ba, sai dai ta mai da littafin na ƙarya. Haka doka take game da girma. In jama'a sun riga sun girmama mutum a zukatansu, doka ta zo ta rubuta, ta yi aikin shaida na gaskiya, kuma sunan zai zauna. In kuwa ta riga jama'a, ta rubuta girman da ba su bayar ba, ta zama mai shaidar zur, kuma komai kyan fentin allon ba zai daɗe ba.

Ku dubi sunayen da bakin mutane ya raɗa ba tare da doka ba. Dutsen Dala a Kano, labarin gargajiya ya ce sunan wani mutum ne da ya zauna a wurin tun kafin a yi sarautar birnin, har yau ba wanda ya yi tunanin sake shi. A Kano ɗin dai akwai Gidan Ɗan Hausa. Wani Bature ne, Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa cikin 1909. Mutane suka ga ya iya harshensu, ya san al'adarsu, suka laƙaba masa Ɗan Hausa, gidan da ya zauna kuma ya ɗauki sunan. Ba majalisar da ta zauna a kansa. Turawa sun tafi tun 1960, sunan yana nan.

Sa'an nan ku dubi wanda hukuma ta raɗa don ta faranta wa na sama da ita. A 1913 Gwamna Lugga ya sa wa sabuwar tashar jirgin ruwa ta kudu sunan maigidansa, Lewis Harcourt, wanda ke riƙe da ofishin ƙasashen mulkin mallaka a Landan. Sunan yana nan a takarda, amma bakin Bahaushe ya niƙe shi ya koma Fatakwal. Cikin dubban fatake da direbobin da ke ambatonsa kullum, mutum nawa ne suka san cewa sunan wani mutum suke kira? Harafin ya rayu, girman da aka nufa ya mutu. A Yamai kuma, babban birnin Nijar, wani babban titi ya daɗe yana ɗauke da sunan Janar Digol na Faransa. Cikin Oktoba 2024 hukuma ta cire shi, ta sa na Jibo Bakari, shugaban jam'iyyar Sawaba, wanda ya nemi 'yan ƙasarsa su ƙi tayin Digol ɗin a ƙuri'ar 1958. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

In mun yarda cewa doka shaida ce, to akwai sharuɗɗan da shaida ke bi kafin a karɓe ta.

Na farko shi ne jinkiri. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Mutum muddin yana da rai littafinsa a buɗe yake, ba wanda ya san abin da zai rubuta a shafin ƙarshe. Balle fa in yana kan mulki, domin a lokacin ba a iya rarrabe mai yabo don ƙauna da mai yabo don tsoro ko don kwaɗayi. Sa'ad da Janar Yakubu Gowon yake mulki, an sa wa wani babban titin kasuwanci na Legas sunansa. Da aka hamɓarar da shi a Yuli 1975, sai titin ya koma tsohon sunansa. Mutumin bai sake ba, kujera ce ta kuɓuce, ashe ita aka yi wa allon tun farko. Sai bayan shekara kusan 50, cikin Disamba 2024, yana tsoho ɗan shekara 90 ba shi da abin ba kowa, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a sa wa Jami'ar Abuja sunansa.

Ga wani misali kusa da mu, a Jihar Neja. Cikin Yuni 2023 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar sa wa filayen jirgin sama 15 sunayen mutane. Na Minna aka ba shi sunan Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, wanda ya rasu a 1981. Ba a cika shekara ba, cikin Maris 2024, aka sake wa filin suna, aka sa na Shugaban Ƙasa mai ci, Bola Ahmed Tinubu. Gwamnatin jihar ta ce sunan marubuci ya fi dacewa da makaranta. Ban kawo wannan don in rage wa kowa daraja ba. Tambayata ita ce, wanne ne ya yi hasara? Imam dai ba abin da ya ragu gare shi, don duk wanda ya iya karatun Hausa ya san shi, ba ya bukatar filin jirgi. Abin da ya yi hasara shi ne allon kansa, domin jama'a sun ga cewa abin da aka rubuta jiya ana iya goge shi gobe.

Saboda gudun haka ne waɗansu ƙasashe suka ɗaure hannun kansu. Hukumar da ke kula da sunayen duwatsu da koguna a Amurka ba ta karɓar sunan mutum sai ya shekara 5 da mutuwa. A Landan kuwa, inda ake kafa shuɗin allo a gidan da wani shahararre ya taɓa zama, sai ya shekara 20 a kabari. A cikin waɗannan shekaru masu kuka sun share hawaye, masu tsoro sun saki jiki, masu neman abin hannu sun koma ƙofar wani. Wanda aka ci gaba da ambatonsa da alheri bayan wannan, lalle ya cancanta.

Mai karatu yana iya cewa, to, Jami'ar Ahmadu Bello fa? Ai an buɗe ta a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962, Sardauna yana da rai, yana Firimiyan Jihar Arewa, ga shi kuwa sunan ya zauna daram. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma mu lura da dalilin zamansa. Shi ya tsaya aka kafa ta, bayan an kashe shi kuma ran 15 ga Janairu 1966 aka ga bai bar wata dukiyar a-zo-a-gani ba, sai ƙaunarsa ta ƙaru maimakon ta ragu. Watau shaidar ta riga lokacinta, daga baya jama'a suka gaskata ta. An yi sa'a ke nan. Amma ba a gina ƙa'ida a kan sa'a, domin ba kowane mai mulki ne Sardauna ba, alhali kowane mai mulki yana da masu gaya masa shi Sardauna ne.

Sharaɗi na biyu shi ne a tambayi masu gida. Ran 29 ga Mayu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya yi jawabi ga ƙasa, ya ce daga ranar Jami'ar Legas ta zama Jami'ar Moshood Abiola. Abiola kuwa shi ne wanda aka soke zaɓensa na 12 ga Yuni 1993, ya mutu a tsare cikin Yuli 1998. Mutanen wannan yanki suna ƙaunarsa, sun daɗe suna neman a girmama shi. Duk da haka ɗalibai suka fito kan titi, aka rufe makarantar, tsofaffin ɗalibai suka tafi kotu, suna cewa majalisa ce ta kafa jami'ar da doka a 1962, jawabin rediyo ba ya soke doka. Daga baya aka aika wa majalisa shirin gyaran dokar, bai kai ko'ina ba, har yau Jami'ar Legas take amsawa. Ku lura, ba Abiola suka ƙi ba. Sun ƙi ne a wayi gari an sake wa gidansu suna ba a shawarce su ba, ga takardun shaidarsu na shekara 50 duk da tsohon suna. A 2019 aka sa wa babban filin wasa na Abuja sunan Abiola ɗin, ba a ga irin wannan tarzoma ba. Haka kuma da aka ba da sanarwar sa wa Jami'ar Maiduguri sunan Muhammadu Buhari cikin Yuli 2025, kwana 4 bayan rasuwarsa, an sami 'yan Barno da tsofaffin ɗalibai da suka rubuta koke, suna cewa sunan garin ma abin alfahari ne gare su. Kyauta ko ta zinariya ce, in an jefe ka da ita sai ta fasa maka goshi.

Wannan sharaɗi ya fi nauyi a ƙasa irin tamu. Masarautar Zuru ta haɗa ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, harsuna dabam dabam, addinai dabam dabam, sau da yawa a cikin gida ɗaya. Mun zauna a Lardin Neja, a 1967 muka shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, a 1991 kuma Jihar Kebbi. Kowane juyi sai an sake hatimi da kan takarda a ofis, sarki goma zamani goma, amma sunan Zuru bai motsa ba, shi ne inuwar da ke ɗaukar kowa. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa mana a 2020 sunan garin take amsawa, ɗan kowane gida yana iya cewa tamu ce. Duk ranar da wani ya kawo shawarar a ɗora sunan mutum ɗaya a kan wani gini na kowa, ko gidan waya ne ko makaranta ko kasuwa, wajibi ne a tambaya ko mutumin Wasagu da na Fakai, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, duk za su iya kiran sunan ba tare da ƙullin zuciya ba. Sarkin Zuru, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, Gomo na Biyu, wanda ya yi Gwamnan soja na Jihar Bauci daga 1984 zuwa 1985, ya rasu a Agusta 2025, Allah ya ji ƙansa. Ba abin mamaki ba ne in masoyansa sun so a tuna da shi a jikin gine-gine, haka ma sauran manyan sojojin da ƙasar nan ta haifa. Hanyar da ta fi girmama irin waɗannan ita ce a bi a hankali, a ji bakin kowa, don sunan da aka ɗora ya zama ba mai saukewa.

Sharaɗi na uku shi ne ɗaukar nauyi. A al'adarmu wanda ya yanka ragon suna shi ne kuma ke ciyarwa, ya tufatar, ya kai yaro makaranta. Ba a taɓa jin wanda ya zo ya raɗa wa ɗan wani suna ya kama gabansa ba, sai a sha'anin gine-ginen Gwamnati. Sa suna ba shi da tsada, fenti ne da allo da kujerun haya na yini ɗaya. Gyaran rufi kuwa, da biyan ma'aikata, da sayen magani, su ne masu tsada, kuma ba a kiran makaɗa dominsu. Wannan ne ya sa mai mulkin da ya rasa abin nunawa yake son bikin sake suna. To, ina girman da aka yi wa mamaci in an rubuta sunansa a ƙofar asibitin da ba magani, ko makarantar da yara ke zaune a ƙasa? Duk matar da aka mayar da ita gida da ɗanta ba a duba shi ba, sunan wannan bawan Allah za ta ambata cikin baƙin ciki, shi kuwa ba ya nan balle ya kare kansa. An jawo masa zagi ke nan da sunan yabo. Saboda haka dokar da za ta sa wa gini sunan mutum ya kamata ta zo da tanadin kula da ginin. In ba za a iya ba, a bar wa mamaci mutuncinsa.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka ciwo, watau waɗanda ba a rubutawa sam. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban sojan Nijeriya sun yi yaƙi a dazuzzukan ƙasar Bama, can gabas da Indiya, da yawa ba su dawo ba. Waɗanda suka raɗa wa barikokin soja suna bayan yaƙin sun yi wata hikima. Maimakon sunan hafsa ɗaya, sai suka sa sunayen wuraren da aka gwabza, irin su Dodan da Arakan a Legas, da Dalet a Kaduna. Sunan wuri yana ɗaukar duk wanda ya faɗi a wurin, da mai igiya da farabiti. A zamaninmu ma muna da irinsu. Cikin Maris 2022 'yan bindiga sun yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, suka kashe fiye da mutum 60, manoma ne da suka fita kare ƙauyukansu. Cikin Nuwamba 2025 an faɗa wa makarantar 'yan mata ta Maga, aka kwashe ɗalibai, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Ga kuma ungozomar da rabin unguwa suka faɗo a hannunta, da malamin ajin manya da ya buɗe wa ɗaruruwa ido a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. In doka shaida ce, shaidar da ke ganin babbar riga kaɗai ba ta cika adalci ba. A nan kam ya kamata mu koyi wani abu daga Amurkawa da 'yan allunansu na gidan waya, don sun yarda cewa mai rarraba wasiƙu ma yana iya cancantar dokar ƙasa.

Wani malami yana iya cewa, me ya kai mu wannan duka? Ai mutumin kirki don Allah ya yi aikinsa, rubuta sunansa a bango ƙofar riya ce, mamaci kuma addu'a yake bukata. Maganarsa tana da ƙarfi, musamman ga wanda ya nemi a rubuta shi da kansa, don yabon kai jahilci ne. Amma allon ai ba don mamaci ake kafa shi ba, don yaron da zai wuce ne ya tambayi ubansa, “Baba, wane ne wannan?” A 1988 aka sa wa Jami'ar Sakkwato sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shekara 171 bayan rasuwarsa a 1817. Dokar ba ta ƙara wa Shehu ko ƙwayar zarra ba, jami'ar ce ta ari darajarsa, kuma aron ya zama mata bashi, don duk malamin da ya yi ha'inci a ƙarƙashin wannan suna kunyarsa biyu ce. Haka asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi yake tuna wa na baya da Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954. In uba yana da amsar da zai ba ɗansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, allon ya yi amfaninsa. In kuwa amsar ita ce, “Wani ne da ya taɓa riƙe mulki,” to mun koya wa yaro cewa mulki shi ne girma, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Wannan darasi kuwa ya fi rashin allon muni.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ku ɗauka maganar nan ta manya ce kawai. Wanda ya iya karatu da rubutu ya sami baki a sha'anin ƙasarsa. In kun ji ana shirin sa wa wani gini ko titi na garinku suna, ku tambaya. Mai sunan ya gama aikinsa na duniya, an kuma ba lokaci dama ya tace shi? An shawarci waɗanda ke shiga gidan suna fita? An yi tanadin gyaransa? Ba wani ƙaramin bawan Allah da ya fi cancanta aka tsallake? In amsoshin sun gamsar, ku goyi baya da zuciya ɗaya, don godiya ga wanda ya yi alheri hali ne na 'yan halal. In ba su gamsar ba, ku ɗauki alƙalami ku rubuta wa kansilanku ko wakilinku na majalisa, cikin ladabi, ku sa hannu da sunanku. In majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, ku je ku faɗi naku.

Mu kuma da ba mu sa ran ganin sunanmu a bangon kowa, kada wannan ya dame mu. Kowane ɗayanmu yana da rajistar da ake rubuta shi kullum, a bakin maƙwabta da abokan ciniki da iyalinsa, kuma wannan rajista ba majalisar da ke iya gyara ta. Hali zanen dutse ne. Allah ya sa abin da za a faɗa a bayanmu ya zama alheri, amin.